Kujerar Wendy Gramm da Wasiƙar Sherron Watkins: Nazarin Lamarin Enron

A shekarar 2001 hukumar daraktocin kamfanin makamashi na Enron, wanda hedikwatarsa ke birnin Houston a jihar Texas ta Amurka, tana da mutum 15. Mace ɗaya ce tak a cikinsu, Dakta Wendy Gramm, kuma ba kujerar ado aka ba ta ba, domin tana cikin kwamitin binciken kuɗi, wato mutum shida da aka ɗora wa alhakin tabbatar da cewa alƙaluman da kamfani ke nuna wa duniya gaskiya ne. A daidai wannan lokaci, can ƙasa a cikin ma'aikata, akwai wata akanta mai suna Sherron Watkins, wadda ba ta da ƙuri'a a hukumar, ba ta kuma halartar zamanta. Ranar 2 ga Disamban wannan shekara kamfanin ya kai kansa kotu ya ce ya karye, da kadarorin da littafinsa ya ce sun kai dala biliyan 63.

Duk mai son ya san ko zaman mata a hukumar kamfani na gyara rahoton kuɗi, ya kamata ya tsaya a kan waɗannan mata biyu. Lamarinsu bai gaskata masu cewa da zarar mace ta zauna an gama ba, bai kuma gaskata masu cewa babu wani bambanci ba.

Yadda aka riƙa ƙera riba

An kafa Enron a 1985 bayan haɗewar kamfanonin bututun iskar gas guda biyu, Houston Natural Gas da InterNorth, ƙarƙashin Kenneth Lay. Da Jeffrey Skilling, wanda daga baya ya zama shugaban kamfanin, ya shigo, sai kamfanin ya tashi daga mai jigilar gas ya koma dillalin kwangiloli. A farkon 1992 hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannun jari a Amurka, ta yarje masa ya riƙa rubuta ribar kwangila bisa ƙimar da yake hasashen za ta kawo, tun ranar da aka sa hannu. Kamar manomi ne ya yi shuka yau, ya zauna ya ƙiyasta buhunan da gonar za ta ba shi a damina ashirin masu zuwa, ya rubuta su duka a matsayin amfanin bana. Idan baɗi ta zo dole ya nemo sabuwar gona da ta fi ta farko girma, in ba haka ba littafi zai nuna ya ja baya. Haka Enron ya shiga tseren da ba shi da wurin tsayawa. A 2000 ya ce kuɗin shigarsa sun kai kusan dala biliyan 101, hannun jarinsa ya haura dala 90 a watan Agusta, kuma mujallar Fortune ta yi shekara shida a jere tana kiransa kamfanin da ya fi kowa ƙirƙira a Amurka.

Da bashi ya yi yawa, wasu jarin kuma suka fara faɗuwa, sai aka koma ga ƙananan kamfanonin gefe. Ƙa'idar lissafi ta wancan lokaci ta yarda kamfani ya cire irin waɗannan daga littafinsa muddin wani na waje ya zuba aƙalla kashi 3 cikin ɗari na jarin, kuma shi ke juya su. Andrew Fastow, babban jami'in kuɗi na Enron, ya ƙware a nan. A 1999 ya kafa LJM1 sannan LJM2, sunan da ya harhaɗa daga harufan farko na sunayen matarsa da 'ya'yansa biyu. Shi ne mai kula da kuɗin Enron, shi ne kuma mai tafiyar da kamfanin da ke ciniki da Enron. Dokar ɗa'a ta kamfanin ta hana ma'aikaci irin wannan baki biyu, amma hukumar daraktoci ta ɗaga masa ƙafa a watan Yuni, ta sake ɗaga masa a Oktoba.

A 2000 aka ƙara da wasu huɗu da ake kira Raptor. Aikinsu shi ne su ɗauki asarar Enron idan darajar wasu jarinsa ta faɗi. Matsalar ita ce abin da za su biya asarar da shi hannun jarin Enron ɗin ne dai. Kamfani ya tsaya wa kansa da kansa ke nan. Kwamitin binciken da hukumar Enron ta kafa bayan abin ya fasu, ƙarƙashin William Powers, wanda ya fitar da rahotonsa a Fabrairun 2002, ya gano cewa ta wannan hanya an ɓoye asarar kusan dala biliyan 1 cikin shekara ɗaya da 'yan watanni.

Mu a Najeriya abin ya ratsa ta ƙofar gidanmu. A 1999 Enron ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jihar Legas don samar da wutar lantarki daga injinan da aka ɗora a kan kwale-kwalen ƙarfe a wajen Egbin. Da ƙarshen shekara ya matso, ana neman ribar da za a cike alƙaluma, sai aka ce an sayar wa bankin Merrill Lynch kaso a uku daga cikinsu. Bankin ya ba da dala miliyan 7, Enron ya rubuta ribar dala miliyan 12. Masu gabatar da ƙara sun ce a bayan fage Fastow ya yi alkawari da baki cewa cikin wata shida za a karɓe kayan daga hannun bankin tare da riba, kuma a Yunin 2000 LJM2 ya saye su. Duk ɗan kasuwa ya san sunan wannan: jingina ce aka rubuta a matsayin ciniki. A shari'ar da aka yi a 2004 mutum shida aka gurfanar, aka sami biyar da laifi, kodayake kotun ɗaukaka ƙara ta soke yawancin hukuncin daga baya. Wadda aka wanke tun a zaman farko ita ce Sheila Kahanek, akantar Enron, wadda ta shaida wa kotu cewa ta sha gargaɗi cewa duk wani alkawarin sake saye zai rushe cinikin a ƙa'idar lissafi.

Su wa ke cikin kwamitin

A takarda, da wuya a sami kwamitin binciken kuɗi da ya fi na Enron cika ido. Shugabansa Robert Jaedicke farfesan ilimin akanta ne, tsohon shugaban makarantar kasuwanci ta jami'ar Stanford. Akwai Lord John Wakeham, akanta kuma tsohon ministan makamashi na Birtaniya. Akwai Ronnie Chan, attajirin gidaje daga Hong Kong, da Paulo Ferraz Pereira, ma'aikacin banki daga Brazil, da John Mendelsohn, shugaban cibiyar cutar daji ta MD Anderson a Houston. Sai Wendy Gramm. A 2000 mujallar Chief Executive ta saka hukumar Enron cikin biyar mafi kyau a Amurka.

Ita Gramm ba wadda za a ce an kawo ta don cike gurbi ba ce. Tana da digirin digirgir a fannin tattalin arziki, ta koyar a jami'ar Texas A&M, ta riƙe ofishin tace ƙa'idojin gwamnati a zamanin Ronald Reagan, sannan daga 1988 zuwa Janairun 1993 ta shugabanci CFTC, hukumar da ke sa ido kan cinikin kwangilolin kayan da za a kawo nan gaba. Ma'ana, a duk teburin nan mutane ƙalilan ne suka kai ta sanin irin hajar da Enron ke sayarwa.

Sai dai yadda ta zo kujerar abin dubawa ne. A ƙarshen 1992 Enron da wasu kamfanonin makamashi suka nemi CFTC ta cire wasu kwangilolinsu daga sa idonta. A Janairun 1993, kwanaki kaɗan kafin ta sauka, hukumar ƙarƙashinta ta ɗauki matakin farko na biya musu buƙata. Mako biyar bayan saukarta ta zama darakta a Enron. Da aka zo kammala wannan sassauci a Afrilu, kwamishinar da ta ƙi amincewa ita ma mace ce, Sheila Bair, wadda ta ce ana kafa misali mai haɗari. Mijin Gramm kuwa shi ne Sanata Phil Gramm na Texas, wanda ya shugabanci kwamitin harkokin banki na majalisar dattawa, kuma yana cikin waɗanda suka tsaya wa dokar Disamban 2000 da ta ƙara 'yanta cinikin makamashi ta intanet daga sa ido. A 1998 ta sayar da hannun jarinta na Enron don kauce wa zargin cin karo da aikin mijinta, aka koma biyanta ta wata hanya. Ƙungiyar Public Citizen ta ƙiyasta cewa abin da ta samu daga kamfanin tsakanin 1993 da 2001 ya kama daga dala 915,000 zuwa miliyan 1.85. Enron da gidauniyar Lay sun kuma ba da gudummawar sama da dala 50,000 ga jami'ar George Mason da cibiyarta ta Mercatus, inda Gramm take aiki a lokacin.

Ba ita kaɗai ba ce. Wakeham na karɓar dala 6,000 duk wata a matsayin mai ba da shawara, ban da kuɗin darakta. Cibiyar Mendelsohn ta sami gudummawar dubban ɗaruruwan daloli daga Enron da Lay. Kowane darakta na samun abin da ya kai kimanin dala 350,000 a shekara idan aka haɗa da hannun jari, fiye da ninkin abin da manyan kamfanoni ke biya a lokacin. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya saɓa wa doka a wancan zamani, kuma ba a taɓa tuhumar Gramm ko wani daraktan waje da laifin aikata zamba ba. Amma in baki ya ci, ido kan ji kunya. Rabin kwamitin da aka kafa don ya tsare Lay da tambaya mutane ne da hannun Lay ya taɓa ta wata fuska.

Ba za a ce ba a faɗa musu ba. A Fabrairun 1999, a wani zama a Landan, David Duncan na kamfanin odita Arthur Andersen ya gaya wa kwamitin cewa da yawa daga dabarun lissafin Enron suna bakin iyaka, kuma wasu masana na iya ganinsu daban. An maimaita musu irin wannan a shekarun da suka biyo baya. Ƙaramin kwamitin bincike na majalisar dattawa, a rahotonsa na Yulin 2002, bai sami inda wani darakta ya nemi a sassauta ba. Shi kansa Andersen ya karɓi dala miliyan 52 daga Enron a 2000, miliyan 25 na odita, miliyan 27 na wasu ayyukan shawara, har ma an miƙa masa babban ɓangare na binciken cikin gida. Mai duba littafi ya zama abokin rubuta shi.

Da hukumar ta ba Fastow izini, ta ce sharaɗi shi ne kwamitin binciken kuɗi zai riƙa duba duk cinikin da aka yi da LJM sau ɗaya a shekara. An yi dubawar. Rahoton Powers ya ce ba ta wuce minti goma zuwa sha biyar ba: a kawo jerin sunayen ciniki, babban akanta ya ce komai daidai, a wuce zuwa batu na gaba. Nawa Fastow ke samu daga LJM? Tambaya ce da ɗan koyo zai fara yi, amma sai a Oktoban 2001, bayan jaridar Wall Street Journal ta fara tono, wasu daraktoci biyu suka kira shi a waya suka tambaya kai tsaye. Ya ce kusan dala miliyan 45.

Akwai wata macen da ta zauna a hukumar na ɗan lokaci, Rebecca Mark, wadda ta jagoranci harkokin Enron na ƙasashen waje, ciki har da tashar lantarki ta Dabhol a Indiya, sannan kamfanin ruwa na Azurix. Ita 'yar gida ce, daga cikin manyan jami'ai, kuma ta bar kamfanin a Agustan 2000 bayan Azurix ya gaza.

Wasiƙar da ba ta kai inda ya kamata ba

Sherron Watkins ta yi shekara takwas a Arthur Andersen kafin ta shiga Enron a 1993. A tsakiyar 2001 aka ba ta aiki ƙarƙashin Fastow: ta jera kadarorin da za a iya sayarwa. Aiki ne na zama gaban kwamfuta ana bin layi-layi. A nan ta riƙa cin karo da kadarorin da aka ce Raptor ya tsaya musu, ta bi sawu ta ga Raptor ɗin ba shi da komai sai hannun jarin Enron, wanda kullum ƙasa yake yi. Ta tambayi abokan aiki, ba wanda ya ba ta amsar da za ta zauna a kan akanta.

Ranar 14 ga Agusta Skilling ya ajiye muƙamin shugaba ba zato, wata shida kacal da hawansa. Washegari Watkins ta rubuta takarda shafi ɗaya ba suna, ta jefa a akwatin tambayoyin da aka tanada don taron Lay da ma'aikata. A ciki ta ce tana tsananin fargabar kamfanin zai ruguje a cikin guguwar badaƙalar lissafi. Daga baya ta bayyana kanta, ta faɗaɗa bayanin, ranar 22 ga Agusta ta zauna da Lay ido da ido. Ta ba shi shawara guda da ta fi kowace muhimmanci: kada a ba lauyoyin Vinson & Elkins binciken, domin da hannunsu aka tsara wasu daga cikin cinikin. Su Lay ya ba. Aka kuma ce musu kada su sake auna hukuncin da Andersen ya yanke kan lissafin. Kwana biyu bayan zamanta da Lay, wani lauyan wannan kamfanin lauyoyi ya aiko da bayani kan abin da doka ta ce idan aka kori ma'aikacin da ya kai irin wannan ƙorafi. Fastow ya so a kore ta a ƙwace kwamfutarta. Ba a kore ta ba, an dai sauya mata sashe.

Abin da ya isa kwamitin binciken kuɗi a Oktoba shi ne taƙaitawar lauyoyi, cewa wani ma'aikaci ya nuna damuwa, an duba, ba a ga buƙatar faɗaɗa bincike ba. Ba a kira Watkins gabansu ba. Ga mace a kwamiti mai ikon tambaya, ga mace a ofis mai amsa a hannu, kamfani ɗaya, amma babu hanyar da ta haɗa su sai ta teburin mutanen da ake ƙorafi a kansu.

Daga nan komai ya zo da sauri. Ranar 16 ga Oktoba Enron ya sanar da asarar dala miliyan 618 a wata uku, ya kuma zaftare dala biliyan 1.2 daga jarin masu hannun jari. A Nuwamba ya amsa cewa ribar da ya bayyana tun 1997 ta zarce gaskiya da kusan dala miliyan 600. Kamfanin Dynegy da ya yi niyyar saye ya janye, hannun jari ya faɗo ƙasa da dala 1. Kimanin ma'aikata 4,000 aka sallama nan take, da yawansu kuɗin fanshonsu na cikin wannan hannun jari.

Ita ma Watkins ba ta tsira daga suka ba. Ba ta kai maganar ga SEC ko 'yan jarida ba, masu binciken majalisa ne suka tono wasiƙar a Janairun 2002, kuma ta sayar da wani ɓangare na hannun jarinta bayan ta san halin da ake ciki. A ganina wannan suka na da tushe, amma bai rage ƙimar abin da ta rubuta ba: duk abin da Powers ya tabbatar kan Raptor, ta riga ta zayyana shi wata biyar kafin nan, ita kaɗai, ba lauya ba kwamiti.

A ƙarshen 2002 mujallar Time ta zaɓi mata uku a matsayin gwarazan shekara: Watkins, da Coleen Rowley ta FBI, da Cynthia Cooper ta kamfanin sadarwa na WorldCom. Labarin Cooper na da amfani a nan saboda bambanci ɗaya. Ita shugabar binciken cikin gida ce, kuma tana da ƙofa zuwa shugaban kwamitin binciken kuɗi, Max Bobbitt. Da ita da 'yan tawagarta suka gano an mayar da kuɗin gudanarwa na yau da kullum zuwa jarin dogon zango, babban jami'in kuɗi Scott Sullivan ya nemi ta jinkirta. Ta ƙi, ta kai wa kwamiti. Cikin makonni, ranar 25 ga Yunin 2002, kamfanin ya sanar da gibin dala biliyan 3.8, aka sallami Sullivan. WorldCom ma ya karye, amma daga ciki aka fasa ƙwan.

Abin da lamarin ya nuna da wanda bai nuna ba

Abu ne mai sauƙi a tattara sunayen nan, Watkins, Cooper, Kahanek, Bair, a ƙara da 'yar jarida Bethany McLean wadda tun Maris 2001 ta tambaya a Fortune ta yaya Enron ke samun kuɗinsa, a ce ai mata sun fi gaskiya. Tarihin kamfanin bai yarda da wannan ba. Vince Kaminski, shugaban sashen nazari, ya ƙi cinikin LJM na farko tun 1999. Ma'ajin kamfani Jeff McMahon ya kai ƙorafin Fastow gaban Skilling a 2000, aka canza masa aiki. Carl Bass na Andersen ya yi ta jayayya har aka cire shi daga harkar Enron. A ɗaya gefen, lauyar Andersen Nancy Temple ce ta aika saƙon tunatarwa kan tsarin ajiye takardu a Oktoban 2001, wanda bayansa aka yi ta nike takardu, sannan Paula Rieker, sakatariyar hukumar daraktocin Enron, ta amsa laifin cinikin hannun jari da bayanan sirri.

Abin da ya haɗa masu ƙin yarda, mazansu da matansu, shi ne suna wajen da'irar masu cin moriyar shiru. To a nan ne batun jinsi ke shigowa ta wata ƙofa, domin a manyan kamfanoni mata sun fi zama a wajen wannan da'ira. Binciken masana ya tafi a wannan layi. Renée Adams da Daniel Ferreira, a nazarinsu na 2009 kan kamfanonin Amurka, sun gano cewa daraktoci mata sun fi halartar zama, mazan ma halartarsu na gyaruwa idan da mata a hukumar, kuma mata sun fi shiga kwamitocin sa ido. A 2011 Srinidhi da Gul da Tsui suka nuna cewa kamfanonin da ke da mata a hukuma ribar da suke bayyanawa ta fi inganci. Nazarin da ya fi kusa da lamarinmu shi ne na García Lara da abokan aikinsa a 2017 kan kamfanonin Birtaniya: tasirin yana wajen mata daraktoci masu zaman kansu, ba waɗanda ke cikin shugabancin kamfani ba, kuma yana ɓacewa a kamfanonin da ba sa nuna wa mata wariya wajen naɗi. Fassarar da na fi gamsuwa da ita ita ce inda shiga ke da wuya, macen da ta kutsa yawanci ta fi matsakaicin namijin da ke wurin ƙwarewa, ba ta kuma cikin abokan wasan golf na shugaba.

Wendy Gramm ta cika sharaɗin farko, ba ta cika na biyu ba. Ta fito daga tsakiyar da'irar siyasa da kasuwancin Texas da Lay ke ciki, kuma aƙidarta ta tattalin arziki, wadda ba ta taɓa ɓoyewa ba, ita ce a rage wa kasuwa sa ido. Ta kuma yi shekara takwas a kujerar, mafi yawansu ita kaɗai mace. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa da mata uku ne ko huɗu da an tsayar da Fastow. Abin da za a iya cewa shi ne Lay ne ke da babbar murya wajen zaɓen wanda zai zauna, kuma da zai ƙara mata ta wannan hanya, irin mutanensa zai ƙaro.

Wannan ne ya sa lissafin kujeru kaɗai ke ba ni tsoro. Norway ta kafa dokar kashi 40 a 2003, ta tilasta cika ta zuwa 2008, Tarayyar Turai ta bi sahu da umarninta na 2022. A Najeriya, a 2012 zamanin Sanusi Lamido Sanusi, Babban Banki da kwamitin shugabannin bankuna suka sa burin kashi 30 na kujerun hukuma da kashi 40 na manyan muƙamai ga mata. Mataki ne mai kyau, ko don adalci kawai. Amma a ƙasar da kamfani kan zama na iyali, ana iya cika kashi 30 da matar shugaba da ƙanwarsa da 'yar amininsa, rahoton shekara ya fito da hotuna masu kyau, kwamitin binciken kuɗi kuma ya ci gaba da zaman minti goma sha biyar. Mai hannun jari da ya je babban taron shekara ya fi cin riba idan ya tambayi wa ya kawo sunanta, ko ta iya karanta bayanan da ke ƙasan alƙaluma, ko tana da wata kwangila da kamfanin, da kuma ko akantar da ke hawa na uku na iya isa gare ta ba tare da bi ta ofishin manajan darakta ba.

Bayan rushewa

Dokar Sarbanes-Oxley da aka sa wa hannu ranar 30 ga Yulin 2002 ba ta ce komai kan jinsi ba, amma kusan kowane sashe nata na da tabon Enron. Ta hana ɗan kwamitin binciken kuɗi karɓar kuɗin shawara daga kamfani, irin na Wakeham. Ta hana kamfanin odita haɗa yawancin ayyukan shawara da binciken cikin gida da aikin odita, irin na Andersen. Ta wajabta wa shugaba da babban jami'in kuɗi su sa hannu da kansu cewa alƙaluma gaskiya ne. Ta kuma tilasta wa kwamitin ya buɗe hanyar da ma'aikaci zai aiko da ƙorafi kan lissafi a asirce kai tsaye, tare da kariya daga kora, wato ƙofar da Watkins ta nema ta rasa.

An sami Andersen da laifin hana shari'a aikinta a 2002, kotun ƙoli ta soke hukuncin a 2005, amma kafin nan kamfanin ya riga ya watse. Fastow ya amsa laifi aka yanke masa shekara 6. A Mayun 2006 aka sami Skilling da Lay da laifi. Lay ya mutu a Yuli kafin a yanke masa hukunci, Skilling aka ba shi shekara 24, daga baya aka rage zuwa 14.

Daraktocin waje kuwa sun tsaya a kan cewa shugabanni da masu odita ne suka yaudare su, kwamitin majalisar dattawa kuma ya ce sun ga alamu da yawa sun kau da kai. A farkon 2005 aka sasanta ƙarar da masu hannun jari suka shigar a kan tsofaffin daraktoci a kan dala miliyan 168. Kamfanonin inshora suka biya miliyan 155. Sauran miliyan 13 mutum goma ne suka fitar daga aljihunsu, abin da ba kasafai ake gani ba a Amurka, ba tare da sun amsa wani laifi ba. Wendy Gramm da Rebecca Mark duk suna cikin goman.